Yadda Ake Neman Tallafin Jami'ar Zaman Lafiya Don Bincike Kan Rikici da Shugabanci Nagari

Ɗalibin digiri na uku da ya zaɓi rubutu kan rikicin manoma da makiyaya yakan gama babi na ɗaya da na biyu yana zaune a ɗakin karatu. Babin fita fage ne ke tsayar da shi. A nan ake buƙatar kuɗin mota zuwa ƙauyuka da rugage, da na masauki, da ladan tafinta idan ba ya jin Fulatanci ko Barbarci, ga kuma watanni na zama cikin mutane har su saki jiki su faɗa masa abin da ke ransu. Albashin malamin jami'a ba ya ɗaukar wannan nauyi, balle a ce ɗalibin ba ya aiki. Sai ka ga mutum ya raba takardun tambayoyi a cikin birni, ya tattara, ya rubuta abin da kowa ya riga ya sani: talauci, jahilci, rashin adalci. An ba shi digiri, amma garin da ake zubar da jini bai ƙaru da komai ba. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin akwai ƙofofin tallafi da aka buɗe saboda irin wannan ɗalibi, kuma kaɗan ne daga cikin 'yan'uwanmu ke yi musu sallama.

Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce Jami'ar Zaman Lafiya, wadda aka fi sani da UPEACE. Da ita zan kafa misali, amma duk wanda ya shirya mata yadda ya kamata, ya shirya wa sauran.

Da farko, ka san gidan da za ka yi wa sallama

Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya kafa jami'ar a ranar 5 ga Disamba, 1980, da ƙuduri mai lamba 35/55. Mazauninta yana Ciudad Colón, kusa da San José, babban birnin Kosta Rika a Amurka ta Tsakiya. Shugaban ƙasar na lokacin, Rodrigo Carazo, shi ya kai shawarar gaban Majalisar, kuma ƙasarsa tana da bakin yin wannan magana, tunda ta rushe rundunar sojanta tun 1948. Jami'ar tana ba da digiri na biyu da na uku a nazarin zaman lafiya da rikici, da dokokin ƙasa da ƙasa, da muhalli da ci gaba.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ko da yake Majalisar ce ta haife ta, ba ta cin abinci daga kasafin kuɗin Majalisar na yau da kullum. Da kuɗin makaranta da gudummawar ƙasashe da ƙungiyoyi take tafiya. Saboda haka tallafin bincikenta kamar damina yake: yana sauka ne idan ta ƙulla yarjejeniya da wani mai bayarwa, na wasu shekaru, a kan wani fanni, sannan ya ɗauke. Wanda ya gyara gonarsa tun da rani shi ke cin moriyar ruwan farko.

Reshen da ya fi shafarmu shi ne Shirin Afirka, wanda aka fara a 2002, ofishinsa kuma yana Adis Ababa ta Habasha, garin da hedikwatar Tarayyar Afirka take. A shekarun baya wannan reshe ya haɗa hannu da IDRC, cibiyar tallafa wa bincike ta gwamnatin Kanada, suka gudanar da tallafi ga ɗaliban digiri na uku masu bincike kan zaman lafiya da tsaro da shugabanci a jami'o'in Afirka kudu da Sahara. Abin da na fi so a tsarin shi ne ɗalibi ba ya barin jami'arsa. Kana nan a Zariya ko Kano ko Yamai, mai duba aikinka yana nan, digirin na jami'arka ne. Abin da suka riƙa ƙara wa ɗalibi shi ne kuɗin fita fage da na rubutu, da taron horaswa kan hanyoyin bincike da rubutun maƙala, da shawarar manyan masana, da kuma wurin bugawa, domin reshen ya kafa mujallarsa, Africa Peace and Conflict Journal, wadda ta fara fitowa a 2008. Kuɗin ne ke jan hankali, amma bayan shekara biyar horon da mutanen da ka sani su ne za su rage a hannunka.

Kada ka rikita ta da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNU, wadda ta fara aiki a 1975 kuma hedikwatarta ke Tokiyo. Ita wannan tarin cibiyoyin bincike ce a ƙasashe daban-daban; akwai ta albarkatun ƙasa a Akra, akwai ta tattalin arziki a Helsinki. A ƙarƙashin cibiyarta ta nazarin manufofi aka fara shirin MEAC, wanda ya yi bincike a Borno da yankin Tafkin Chadi kan yadda mutane ke fita daga ƙungiyoyin masu ɗauke da makamai su koma cikin jama'a. Akwai kuma Jami'ar Tarayyar Afirka, wadda sashenta na shugabanci da kimiyyar zamantakewa yake Kamaru, a Jami'ar Yawunde ta Biyu, tana kuma ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku. Sai APN, shirin tallafa wa binciken zaman lafiya a Afirka na majalisar binciken zamantakewa ta SSRC da ke Amurka, da CODESRIA, majalisar binciken zamantakewa ta Afirka, a Dakar. Ka buɗe fayil guda ka rubuta su duka, ka yi rajistar wasiƙunsu na imel, ka ware rana ɗaya a wata ta leƙa shafukansu. Na Jami'ar Zaman Lafiya shi ne upeace.org.

Na biyu, ka matse tambayarka har ta yi tsini

A nan ake yin nasara, a nan kuma ake faɗuwa, tun kafin a duba Turancinka. Masu tantancewa suna karanta takardu masu yawa cikin ɗan lokaci, kuma akasarinsu take iri ɗaya suke ɗauke da shi: tasirin rashin shugabanci nagari ga tsaro a Arewacin Nijeriya. Wannan suna ne na fanni, mutum ɗaya ba zai iya amsa shi cikin shekara uku ba. Tambayar bincike ita ce wadda take da wuri, da lokaci, da mutane, kuma kai kanka ba ka san amsarta ba tukuna.

Bari in nuna yadda ake matsewa. A ce damuwarka rikicin gona da kiwo ce. A Nijar, Dokar Karkara ta 1993 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, waɗanda ke shata burtali da makiyaya su kuma rubuta haƙƙin mallaka. A can hukuma takan sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, wadda kafinta bai halatta dabbobi su shiga ba. A Nijeriya kuwa, akwai dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna. To ga Maraɗi ga Katsina, ga Damagaram ga Jigawa: harshe ɗaya, auratayya, kasuwanni ɗaya, dabbobin ma su ne ke ƙetarawa, amma doka biyu. Tambaya ta fito: idan shanu suka yi ɓarna a gona, wa ake kai wa ƙara a kowane ɓangare na iyaka, kwana nawa ake ɗauka, nawa ake kashewa, kuma a ina ne gardamar ta fi saurin komawa faɗa? Masanin da ya taso daga Turai sai ya yi shekaru kafin ya iya wannan aiki. Kai kuwa a gidan kawunka za ka sauka. Ƙari a kan haka, ECOWAS tana da yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya tun 1998, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da wannan ya canja wa makiyayi a bakin iyaka tambaya ce da ke jiran mai ita.

Idan shugabanci ne ya fi jan hankalinka, ka sauko daga Abuja. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ka ɗauki ƙananan hukumomi biyu ko uku ka bi sawu: me ya canja a asibitin shan magani, a albashin malaman firamare, a alawus ɗin 'yan sintiri? Ko kuwa batun tubabbun 'yan Boko Haram. Nijeriya ta fara shirin Operation Safe Corridor a 2016, da sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe. Nijar ta buɗe nata a Gudumariya ta Jihar Diffa. An yi rubutu da yawa kan su tubabbun. Matar da aka kashe wa miji, wadda aka ce ta zauna unguwa ɗaya da wanda ya dawo, me take buƙata kafin ta yarda? Rantsuwa, diyya, neman gafara a bainar jama'a, ko dai nisa kawai?

Ga gwajin da nake ba ɗalibai. Ka je wurin mahaifiyarka ko wani dattijo da bai yi boko ba, ka faɗa masa da Hausa, cikin jimla uku, abin da kake son ganowa. Idan ya ce "to, ai kuwa ni ma ina son in san wannan," ka kama hanya. Idan ya ce "ai wannan kowa ya sani," koma ka sake matsewa.

Na uku, ka duba inda na gaba suka tsaya

Bitar ayyukan da suka gabata ba jerin gwanon "wane ya ce, wance ta ce" ba ce. Aikinta ta nuna giɓin da za ka cike. Ka fara da kundayen da ke jibge a ɗakunan karatu na gida, waɗanda ba sa kan intanet: Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero, Gidan Arewa a Kaduna, cibiyoyin nazarin zaman lafiya na jami'o'in Ibadan da Jos da Maiduguri da Ilorin, da Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici ta Abuja. A Yamai akwai cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, wadda tun 2001 take fitar da bincike mai zurfi kan yadda asibitoci da kotuna da ƙananan hukumomi ke aiki a zahiri, kuma rahotanninta suna shafinta kyauta. Rumbun Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana ɗauke da fayilolin zamanin En'e kan jangali da iyakokin gundumomi. Sau da yawa rikicin da ake gani sabo, tushensa yana cikin waɗannan takardu.

Don alƙaluma, ACLED tana tattara bayanan hare-hare da tarzoma da wuri da rana. Nigeria Watch tana bin diddigin kashe-kashe a Nijeriya tun 2006. Afrobarometer tana tambayar 'yan ƙasa, har da na Nijeriya da Nijar, ra'ayinsu kan shugabanni da 'yan sanda da sarakuna. Sai dai ka tuna cewa irin su ACLED da Nigeria Watch sun dogara sosai da abin da aka ruwaito, kuma ƙauyen da babu ɗan jarida ko sabis ɗin waya, mutuwarsa ba ta cika shiga lissafi ba. Idan ka rubuta wannan a cikin ƙudurinka na bincike, wato takardar da za ka nemi tallafin da ita, ka kuma nuna yadda aikinka zai toshe giɓin, mai tantancewa zai san ya haɗu da wanda ya san ƙasa. Ka saukar da manhajar Zotero tun yau, kyauta ce, ta riƙa adana maka duk abin da ka karanta.

Na huɗu, rubuta ƙudurin bincike

Ka karanta sanarwar sau uku, ka ja layi ƙarƙashin kowane sharaɗi: ƙasashen da suka cancanta, matakin karatu, yawan kalmomi, harshe, ranar rufewa da agogon garin da ake nufi. Idan an ce kalma dubu uku, kada ka aika dubu uku da ɗari biyu. Wasu takardun tun a wannan mataki ake ajiye su gefe, ba wanda ya karanta ko layi ɗaya.

Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke buɗe ƙudurin, shi ne fuskar aikin, kuma shi ake rubutawa a ƙarshe. Shafin farko ya faɗi matsalar da wurin da tambayar, ba tare da dogon sharar fage kan tarihin duniya ba. Tambayoyin bincike kada su wuce uku, kuma kowace ta sami hanyar amsa ta a sashen hanyoyin gudanar da bincike.

Wajen ra'i, wato mahangar masana da za a ɗora binciken a kanta, ɗalibai sukan ɗauko babban suna su liƙa a babi, sannan su manta da shi. Ka ɗauki wanda zai yi maka aiki. Johan Galtung, masanin nan ɗan ƙasar Norway, ya bambanta zaman lafiyar da shirun bindiga ne kawai da wanda aka gina kan adalci. Da wannan za ka iya tambayar ko sulhun da aka yi da 'yan bindiga a wani gari ya taɓa tushen rikicin ko ya ɗage shi ne zuwa baɗi. Jean-Pierre Olivier de Sardan na LASDEL ya yi fice da nazarin tazarar da ke tsakanin ƙa'idar da ke rubuce da wadda ma'aikata ke bi a aikace, abin da duk wanda ya taɓa neman takarda a sakatariya ya sani a jikinsa. Kada kuma ka raina kalmomin gida. Sulhu daban, sasanci daban, yafiya daban. Amana da mutunci da haƙƙi suna ɗauke da ma'anonin da kalmar Turanci ɗaya ba ta kwashewa. Bayyana yadda mutanenka ke amfani da su gudummawa ce ga ilimi, kuma irin abin da Shirin Afirka aka kafa shi don ya fito da shi ke nan: ilimin zaman lafiya daga bakin 'yan Afirka.

A sashen hanyoyi ka yi lissafi dalla-dalla. Garuruwa nawa, me ya sa su, mutum nawa a kowanne, su wane ne: dagaci, mai unguwa, arɗo, sarkin noma, limami, fasto, alƙali, shugaban 'yan sintiri, dillalan kara. Mata fa? Ba za su yi magana a ƙofar fada gaban maza ba, don haka ka tanadi mataimakiya da za ta shiga gidaje. Idan ke ce mai binciken, wannan dama ce da abokan karatunki maza ba su da ita, ki faɗe ta a fili. Masu tallafi suna duba wannan da kyau, musamman tun bayan ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1325 na 2000 kan mata da zaman lafiya, da mai lamba 2250 na 2015 kan matasa. Jadawalin aikinka ya bi kalandar ƙauye. Da damina hanyoyi sun yanke, mutane suna gona. Da kaka ne gardamar ɓarna ke tashi, lokacin gani da ido ke nan, amma kuma lokacin da zukata suka fi zafi. Ka lura da azumi, ka lura da lokacin zaɓe.

Idan Turancinka ko Faransancinka yana da rauni, ka ba wani ya gyara maka, babu kunya a ciki. Kwafar aikin wani kuwa, suna da manhajar gano ta, kuma wanda aka kama ya rufe wa kansa ƙofa.

Na biyar, ka tsare waɗanda za su yi maka magana

Wannan sashe ne na fi so ka dakata a kai. A binciken rikici, jimla ɗaya da ta fita daga littafinka tana iya jawo a kashe mutum. A garuruwan da ake zargin kowa da zama ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ko na jami'an tsaro, ganin mutum zaune da baƙo mai biro da takarda ma kawai ya isa ya jefa shi cikin masifa.

Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka da wuri, domin yakan ɗauki lokaci, kuma masu tallafi sukan nemi takardar kafin su saki kuɗi. A cikin ƙudurin ka bayyana yadda za ka nemi yardar kowane mutum: ka gaya masa ko kai wane ne, wa ya ba ka kuɗi, me za a yi da maganarsa, kuma yana da ikon ya ƙi ko ya tsaya a tsakiya. Mutane da yawa suna tsoron sa hannu ko dangwala yatsa a takarda, kuma suna da dalili. Ka nemi kwamitin ya amince maka da yardar baka. Kada ka rubuta sunan kowa a littafin fage. Ka ba kowa lamba, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a gida cikin makulli. Idan garin ƙarami ne, cewa "wani dagaci" ma tona asiri ne, tunda dagacin ɗaya ne. Wayarka ta kasance da kalmar sirri, ka riƙa kwashe muryoyin da ka naɗa zuwa ma'ajiya mai tsaro kowane dare kana goge su daga wayar, saboda shingen bincike a hanya. A Nijeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ɗora maka wannan nauyi.

Shiga gari da ƙa'idarsa. Takardar gabatarwa daga jami'a, gaisuwa wurin hakimi, sanar da hukuma. Amma kada ka yarda ɗan fada ya zauna a gefenka yayin hira, kuma idan ta ƙofar sarkin noma ka shiga gari, ka nemi wata ƙofar daban ta shiga ruga, don kada a ɗauke ka ɗan wani ɓangare. Kada ka yi alkawarin rijiya ko taki ko aiki. Mutanen da suka sha ganin ƙungiyoyin agaji za su zaci rajista kake yi, ka faɗa musu gaskiya tun farko ko da wasu za su tashi. Kuɗin mota da goro da ruwan sha daidai ne. Sayen magana da kuɗi yana lalata maganar. Idan mace ta fara ba da labarin abin da aka yi mata ta fashe da kuka, ka kashe na'urar, ka bar ta. Bayanin da za ka rasa bai kai darajarta ba.

Kai ma rai gare ka. Ka rubuta wuraren da ba za ka shiga ba, da abin da za ka yi idan hanya ta rufe: hira da 'yan gudun hijira a garin da suka koma, ko ta waya. Mai tantancewa ya fi natsuwa da wanda ya tanadi mafita a kan wanda ya ce zai kutsa daji.

Na shida, kasafin kuɗi da takardu

Kowane layi na kasafin ya fito daga sashen hanyoyi. Tafiya nawa, kwana nawa, mataimaka nawa a kan nawa kullum, kuɗin juya murya zuwa rubutu da fassara, wanda ɗalibai kan manta alhali hirar awa ɗaya takan ci awanni kafin a rubuce ta. Ka rubuta farashin canji da ranar da ka ɗauke shi, ganin yadda Naira ke hawa da sauka. Kada ka kumbura lissafi, masu dubawa sun san farashin Afirka. Kada kuma ka rage don a tausaya maka, aikin ne zai tsaya a rabi. A ƙauye babu rasit, don haka ka buga 'yan takardun shaidar biya da ɗan acaɓa ko mai masauki zai sa wa hannu. Ka tambaya tun farko ko kuɗin ta asusunka zai zo ko ta na jami'a, domin na biyun yana bin teburori da yawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shaidar rajista, takardar da ke nuna sashenku ya amince da ƙudurinka, sakamakon karatu, taƙaitaccen tarihin aiki, fasfo mai sauran wa'adi, samfurin rubutunka, duk su zauna a fayil ɗaya. Sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana jawo tambayoyi. Masu rubuta maka wasiƙar shaida ka ba su wata guda, tare da ƙudurin da sanarwar, ka kuma zaɓi malamin da ya karanta aikinka a kan babban farfesan da bai san fuskarka ba. Ka aika kwana uku kafin rufewa saboda wuta da intanet. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum don a sa sunanka, ɗan damfara ne.

Idan ba a dace ba, ka rubuta cikin ladabi ka nemi ra'ayin masu tantancewa. Wasu sukan bayar. Ka gyara, ka kai wa gida na gaba a jerinka.

Na bakwai, idan Allah Ya sa an dace

Ka karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu. Irin wannan kuɗi yakan zo kashi-kashi, kowane kashi bayan rahoton ci gaba da na kashe kuɗi, don haka jinkirin rahoto jinkirin aikinka ne. Idan tsaro ya tilasta maka canja gari, ka sanar da su a rubuce kafin ka canja.

Taron horaswa ka je shi da babi a hannu, wanda kake so a yi masa fiɗa. Za ka zauna da 'yan Kenya da Kongo da Yuganda da Sudan ta Kudu, ka ji yadda rikicin makiyaya yake a yankin Karamoja na Yuganda, ka gane wane ɓangare na matsalarku ne naku kaɗai, wane ne kuma na nahiyar duka. Idan an haɗa ka da wani masani mai ba da shawara, ka sanar da mai duba aikinka na gida komai, cikin girmamawa. Shi zai sa hannu a kundin, kuma bai kamata ya ji labari a bakin wani ba.

Daga kundin ka fitar da maƙala ɗaya ko biyu zuwa mujallar da masana ke tantancewa. Za a dawo maka da ita da gyare-gyare masu ɗaci, wani lokaci bayan watanni. Ka amsa su ɗaya bayan ɗaya. Mujallar da ta ce ka biya a buga maka cikin mako guda, ka guje ta, tana zubar da darajar aikin a idon waɗanda kake so su karanta. Sannan ka rubuta takardar shawara mai shafi biyu ga masu iko, ka kai ta inda za a iya aiki da ita, kamar Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, ko takwararta ta Filato, ko hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta Nijar, HACP, a Yamai. Shawarar ta ambaci wanda zai yi, da abin da zai yi. "Gwamnati ta ƙara himma" ba ta da mai ɗauka.

Saura mutanen da suka ba ka lokacinsu da sirrinsu. Ka taƙaita abin da ka gano a shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, da Fulatanci ko Barbarci idan da buƙata. Ka koma kowane gari ka karanta musu, maza daban, mata daban, gari daban, ruga daban, ba tare da ambaton wanda ya faɗi me ba, ka kuma saurari inda za su ce ka yi kuskure, domin za su faɗa, kuma gyaransu ya shiga kundin kafin ka kare shi. Idan akwai gidan rediyon da ake ji a yankin, ka nemi rabin awa. Kuɗin wannan komawa ka sa shi a kasafin tun ranar farko, da layinsa na kansa: mota, kwana biyu a kowane gari, bugun takardu, da ladan mataimakiyar da za ta sake shiga gidajen.